Ranar Da Na Yi Wa Tsoho Tuƙin Bajamushe

In ka yarda da wannan labari, to wallahi kai ma ba ƙalau kake ba. Amma ya faru, kuma ko za ni manta, tabon gwiwata ba zai bar ni ba.

Lokacin ina acaɓa a Daura, farkon shari'a. Malamai sun matsa da wa'azi kan ɗaukar mata a babur, fasinja ya yi wuya, kowa idonsa ja. Ni kuwa na ji tarihin wani matuƙin jirgin yaƙin Jamus a rediyo, ya shiga kaina ya ƙi fita. Wai da ƙaramin muƙami ya fara a yaƙin duniya na biyu, ya yi ta kakkaɓo jirage har aka rataya masa lamba a wuya. Dabararsa: ya ɓullo ta wajen rana, ya matso dab, ya yi harbi, ya sulale. In an harbo shi ya diro da lema, gobe ya sake hawa. Na ƙara gishiri na ba kowa a tasha, har aka raɗa mini Bajamushe.

A satin nan kawunnaina za su je Baure nema mini auren wata yarinya da ta hana ni sukuni. Maganar duk tana hannun kakanta, wanda ban taɓa gani ba.

Ranar kasuwa na hango wani tsoho da ƙullin goro, 'yan acaɓa uku na zawarcinsa. Na ɓullo ta wajen rana na sure shi. Ya ce a kai shi inda ake hawa motar Baure. Muna tafiya bakina ya ƙi rufuwa, na zayyane masa labarin Bajamushe har da lemarsa.

"Baba, ka san yadda Bajamushe ke kauce wa harsashi?"

"Ɗan nan, ni dai kai ni tasha."

"Haka yake yi!" Na kwantar da babur hagu, na kwantar dama. Tsoho ya damƙi rigata yana salati. Na ce, "Yanzu ga jirgin Ingila nan gabanmu!" Amalanken shanu ne fa. Na matso dab zan sulale, yashi ya kwashe tayar baya. Ni na dira a kan gwiwa, shi a cikin kwata, goro ya watse har ƙofar masallaci. Ya tashi, ya kakkaɓe hula, ya kalle ni kallo ɗaya, ya tafi da ƙafa.

Bayan kwana uku muka isa Baure, ina ɗingishi cikin babbar rigar aro. Muka shiga zaure. Ga tsohon nan zaune a buzu, goshinsa da filasta. Kawuna ya fara zuba yabo, wai ni yaro ne mai natsuwa. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Yarinyar dai wani malamin firamare ya aura. Ni kuma na koyi cewa in za ka yi jarumta, yi da ranka kai kaɗai, ba da wanda ya ba ka amanar nasa ba. Har yau ina jin muryar tsohon nan da ya katse kawuna:

"Malam, na san shi, na hau jirginsa. Bajamushen can in ya faɗo shi kaɗai yake faɗowa, kuma da lema. Naku da fasinja yake faɗowa. Jikata ba ta da lema, ku tashi ku tafi!"