Ƙaguwar da Tsoho Ya Kashe Cikin Harami

Shekarun baya, ban daɗe da dawowa daga Masar ba, inda na yi karatun ilimin dabbobi, na ɗora wa kaina aikin da babu wanda ya sa ni: siffanta ƙaguwa da jatan lande da danginsu da ke gaɓar Bahar Maliya, da rarrabe su jinsi-jinsi. Nakan bi mota daga Makka zuwa Jidda, in yini a bakin ruwa, in dawo gidanmu da ke unguwar Tandabawi a Makka da kwalabe. Kowace halitta sai na auna faɗin ɓawonta, na duba siffar idonta da awartakinta, na zana ta, sannan in tsoma ta a ruwan magani don kada ta ruɓe.

Mahaifiyata ba ta taɓa yarda kwalaben nan su kwana a ɗaki ba. A saman soro ta ba su wuri, nesa da inda take shanya kuɓewa. Idan maƙwabta suka tambaye ta aikin da na samu bayan wannan dogon karatu, takan ce musu ina kiwon matattu. 'Yan unguwa kuma suka laƙaba mini likitan ƙaguwa. Ban ji daɗin sunan ba, amma ina amsawa.

A wata shekara, ana saura 'yan kwanaki a hau Arfa, gidajen unguwarmu suka cika da mahajjata daga ƙasar Hausa kamar yadda aka saba. Cikin waɗanda suka sauka a gidan maƙwabcinmu akwai wani tsoho mutumin Damagaram, wanda ya yi shekaru a hanya, yana noma a gonakin Sudan yana matsowa, har ya samu ya haye ruwa. Tun a cikin jirgi ya ɗaura harami. Da suka sauka a gaɓar Jidda, ya zauna a kan yashi yana hutawa, sai wata halitta fara mai ƙafafu da yawa ta fito a guje ta bi ta kan ƙafarsa. Mutum ne da bai taɓa ganin teku ba kafin wannan tafiya. Ya ɗaga sandarsa ya buge ta, ta mutu.

Wani abokin tafiyarsa ya ce masa ya kashe dabba alhali yana cikin harami. Daga wannan magana tsohon bai ƙara samun natsuwa ba. Ya naɗe gawar a tsumma ya sa a jaka, ya daina cin abinci sai ruwa, ya ce ba zai fita Mina da ƙazantaccen harami ba.

Malamin unguwarmu ya je ya zauna da shi. Ya faɗa masa cewa ko da farautar tudu ce, hajjinsa bai ɓaci ba, fansa kawai zai yi. Idan kuwa ta teku ce, babu komai a kansa, domin an halatta wa mai harami farautar teku. Tsohon ya ce shi ba ya son a ce masa idan kaza ne, idan kaza ne. A faɗa masa abin da ya kashe. Malam kuwa ya ce ba zai yi fatawa a kan halittar da bai sani ba, ga shi an ce a busasshen yashi take haƙa rami kamar ɓera. Sai ya aiko a kira ni.

A hanya wani abokina, wanda muka taso tare, ya ja ni gefe. Ya ce wasu a gidan sun riga sun ce abin dangin kunama ne, kuma kowa ya san babu laifi a kashe kunama cikin harami.

“Ka ce kunama ce, khalas, shi ke nan,” in ji shi. “Tsoho ya ci tuwo, kowa ya huta. Wa zai tuhume ka, ya duktur, likitan ƙaguwa?”

Na ce masa ba zan faɗi komai ba sai na gani. Ya ce dama ya san boko ya busar mini da zuciya.

Na samu tsohon zaune a tabarma, ya rame, kafaɗunsa sun fito daga cikin farin mayafin. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi gilashin ƙara girma da ke hannuna, ya tambayi Malam ko wannan yaron ne zai raba gardamar. Malam ya ce shi ne. Sannan tsohon ya kwance tsumman.

Gawar ta bushe, ɓawon ya tsage, wasu ƙafafun sun karye. Duk da haka na gane ta. Ƙaguwar yashi ce, mai launin ƙasar da take zaune a kai, mai idanu a kan wasu 'yan sanduna, wadda namijinta ke tara tsibin yashi kusa da bakin raminsa. Ba ta da wutsiya mai ƙari, saboda haka na fara da cewa ba kunama ba ce, kuma ba danginta ba ce. Na ga abokina ya sunkuyar da kai.

Na ɗaga ɓawon a hankali na nuna wa Malam wasu gaɓoɓi masu kama da gashin tsuntsu a gefe biyu. Na ce da su take numfashi, irin na kifi ne, kuma dole su zauna da laima; shi ya sa take haƙa raminta har ta tarar da jiƙaƙƙen yashi, take kuma komawa bakin ruwa ta jiƙa jikinta. Tsohon ya ce amma shi a tudu ya same ta, kuma da ƙafa ta zo, ba da iyo ba. Malam ya ce maganar tsoho tana da ƙarfi. Ya ce abin da yake so ya sani shi ne inda take haihuwa, domin a nan ake gane asalin halitta.

Na ce a teku take zubar da 'ya'yanta, a can suke rayuwa suna iyo kafin su fito tudu.

“Ka gani ne, ko ka karanta?” in ji Malam.

“Allah gafarta Malam, iyon 'ya'yan a makaranta na gan shi, cikin gilashi. Shigar uwayen cikin ruwa ɗauke da ƙwai kuwa na gani da idona a gaɓar Jidda.”

Ina wannan magana na juya gawar don in nuna musu inda macen take riƙe ƙwan. Cikin namiji siriri ne, na mace kuwa faffaɗa, kamar murfi. Wannan faffaɗa ne. Na sa tsinke na ɗaga shi, sai ga dunƙulen ƙananan ƙwai sun bushe sun manne a ciki. Raina ya yi fari, domin hujja ta zo hannuna da kanta, kuma a duk kwalabena ba ni da mace mai ƙwai ta wannan jinsi. Na miƙa wa Malam gilashin ya duba. Ya daɗe yana kallo, ya yi tasbihi, sannan ya ce halittar teku ce ko da zamanta a tudu ya yi tsawo, babu fansa, haramin tsoho yana nan da tsarkinsa.

Mutanen ɗakin suka yi hamdala. Tsohon kuwa ya miƙo hannu. Ya karɓi gilashin, ya kai shi kusa da idonsa. Can ya tambaye ni ko ruwa ta nufa lokacin da ta bi ta kan ƙafarsa. Na ce ban kasance a wurin ba, amma mai yiwuwa ne.

“Ashe hanya na tare mata,” in ji shi. “Ita ma tafiya take yi.”

Hawaye suka zubo masa. Malam ya sake faɗa masa cewa babu zunubi a kansa. Ya ce ya ji, ya kuma yarda, ba hukuncin yake wa kuka ba.

Da ya natsu, na roƙe shi ya bar mini gawar, na bayyana masa amfanin da za ta yi wa aikina. Ya tambayi inda zan ajiye ta, na ce a kwalba. Ya girgiza kai.

“Ɗana, ka riga ka ga abin da za ka gani. Idan ka koma bakin ruwan, ka kai ta inda za ta.”

A ranar ya ci abinci. Ya fita Mina tare da jama'a, ya tsaya a Arfa, ya gama hajjinsa lafiya. Bayan an sauko, na zana ƙaguwar, na auna abin da zai aunu, na tafi Jidda da ita a cikin tsummanta. Na shiga ruwa har gwiwa na sake ta.

Har yau ina wannan aiki, kuma ban sauya ra'ayi ba game da faɗin gaskiyar abin da ido ya gani. Da na ce kunama ce, da na sallami tsoho da ƙarya a ranakun da ya fi bukatar gaskiya. Sai dai kafin wannan rana, idan na kama halitta, tambayata ɗaya ce: wane jinsi ce? Yanzu idan na ɗaga ƙaguwa daga yashi nakan fara juya ta. Idan mace ce mai ƙwai, nakan duba ta, in zana ta tana raye, in ajiye ta, in matsa gefe.