Idon Dodo Masaƙi

A Tahoua ta wancan zamani, in Dodo masaƙi ya ce ya gani, magana ta ƙare. Kawuna ne, amma ba son kai nake ba: mutumin da ke ƙirga zare a saƙar wani daga ƙofar rumfa, me zai ɓuya masa?

A 1964 wani Nasara mai nazarin taurari ya kafa madubin hangen nesa a tudun Barmou. Akwai tauraron da ido ke gani ɗaya, alhali biyu ne a manne, tazararsu yake son aunawa. Ya rufe bakin madubin da faranti mai tsaga biyu. Hasken da ya ratso tsagogin sai ya fito zane-zane, fari da baƙi, kamar saƙi. Ana buɗa tsakanin tsagogin kaɗan-kaɗan har zanen ya ɓace, daga nan ake lissafi. Idon Nasaran ya gaza, aka kawo masa Dodo. Tafinta kuwa Sule ne, aminin Dodo tun ƙuruciya.

Sule ya gaji da tudu, ga alkawarin aiki a Yamai in an gama. Ya kuma lura fuskar Nasara na sakewa in aka ce zane-zanen sun ɓace. Dodo yana cewa, “Ina ganinsu har yanzu,” Sule yana juyawa da Faransanci wai sun ɓace.

Shekara ta zagayo, Nasara ya dawo a fusace, awonsa ya saɓa da na kowa. A bakin kasuwa ya ce masaƙin nan maƙaryaci ne. Ranar kam Sule ya fassara tsaf, ko kalma bai rage ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da Dodo ya tsare shi a zaure, Sule bai musa cewa shi ya juya maganar a tudu ba.

“Mi ya yi zahi, Dodo? Tamraro na, ba gonar wani ba.”

A ƙarshen azumin shekarar, Dodo ya ga jinjirin wata bayan magariba, ya tafi wajen alƙali. Alƙali ya sunkuyar da kai.

“Malam Dodo, tahi ka zo da wanda za ya shaide ka.”

Ba wanda ya biyo shi. Washegari gari ya tashi da azumi. Kawuna ma ya yi, a ranar da ya san salla ce.