Ranar da Baba Ya Je Tarbar Inna a Maikunkele

Shekarar da Inna ta tafi aikin hajji, watan Baba takwas bai wuce zauren gidanmu na Tudun Wada da ƙafarsa ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kama shi wata safiya yana alwala. Ya bar masa hannun hagu a lanƙwashe, ƙafar hagu kuma sai ya ja ta. Magana ta dawo masa, amma a hankali take fita. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu yana aiki a tashar jirgin ƙasa, wanda ko ruwa ake yi sai ya fita, ya koma daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida. In za a kai shi asibiti gashin ƙashi, yayana ne ke ɗaukarsa cak ya sa a mota.

Inna ta so ta fasa tafiyar. Ta ce ba za ta bar shi a haka ba, hajji ya jira baɗi. Shi ya hana ta. Ya ce ga 'yarta nan, ba za ta bar shi da yunwa ba. Ni ce babba a mata, ina koyarwa a wata firamare, gidan aurena yana Fadikpe. Maigidana ya amince, na kwaso kayana na dawo gida.

Tun a makon farko na lura da wani abu. Da na shiga madafa, sai in ji ƙarar sanda a kan siminti. In na leƙo, sai in ga Baba ya dafa bango yana takawa daga tabarma zuwa bakin famfo. Daga baya ya ƙara har zaure, ya je ya dawo, ya je ya dawo, gumi na zubo masa. Bai ce min komai ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Ranar da aka ce jirgin su Inna zai sauka bayan azahar, yayana ya zo da hantsi da motarsa. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya ce zai wuce sansanin alhazai, can ake kai su a manyan motoci in sun sauka, can iyalai ke ɗaukar nasu.

Baba ya ce, "Filin jirgi za ka kai ni."

"Baba, ba a barin kowa ya shiga filin jirgi yau. Kuma dubi hadarin da ke haɗuwa. Ka zauna a gida, ni zan kawo maka ita har nan."

"Duk shekarun da na yi a tasha, ban ga mai tarbar nasa ya je ya jira shi a wani wuri ba. Inda ya sauka ake zuwa."

"Wannan da ne, Baba."

Yayana ya ja ni zaure ya ce in lallashe shi, kada in bari ya motsa. Ya tafi.

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba Baba ya ce, "Ɗauko min farar rigata da hular nan mai aikin kore."

Na ce, "Baba, ka ji abin da Yaya ya ce."

"Na ji."

"In ka faɗi a hanya, me zan ce wa Inna?"

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Uwata, ko ki raka ni, ko ki matsa min daga bakin ƙofa. Ɗaya za ki zaɓa."

Na san shi. Na san in na ƙi, zai jira in shiga wanka ya fita shi kaɗai. Na ɗauko rigar na taya shi sawa, na zuba maganinsa da gorar ruwa a jaka, na ɗauki lema. Wayata kuma na kashe mata ƙara, don na san wanda zai kira.

Keke mai ƙafa uku muka shiga daga bakin layinmu zuwa tsakiyar gari. A nan na gane ba za mu iya zuwa Maikunkele, inda filin jirgin yake, a keke ba. Duk kwanar da aka sha sai Baba ya zame, hannun hagun ba ya riƙo, ni ce na rungume shi kamar yaro. Da muka sauka ya ce, "Bas za mu shiga, ta masu zuwa Beji. Ita ke bi ta bakin hanyar filin jirgi."

Bas ɗin tsohuwa ce, an ɗaure mata buhunan gishiri da jarkoki a baya. Direban wani ƙaton mutum ne mai furfura a gemu. Da ya ga yadda Baba ke jan ƙafa, sai ya dubi kujerar gaba. Akwai wani manomi Bagware a zaune a kai, da sabuwar fartanya tsakanin ƙafafunsa. Kafin direba ya buɗe baki, mutumin ya sauko.

"Baba, zo ka zauna nan. Ni ina koma baya, ba damuwa."

Matakin motar yana da tsawo. Direba ya naɗe hannun riga ya ce, "Bari in ɗaga ka, Baba."

Baba ya ce, "A'a. Na gode."

Na fara shiga na zauna kusa da direba. Baba ya miƙo min sandar, ya kama ƙarfen ƙofa da hannun dama, ya sa ƙafar dama a kan mataki. Ya yunƙura, bai hau ba. Ya sake yunƙurawa. Wani daga baya ya yi tsaki ya ce rana na yi. Wata Bafillatana da ke zaune da ƙoren nononta da ta sayar ta kife a cinya ta juya ta ce masa, "Motar ma ba ta cika ba, ina kake sauri? Ka bar dattijo ya hau." A yunƙuri na uku ya hau. Ƙafar hagun ce ta rage a waje, Bagwaren nan ya sunkuya ya turo ta ciki, ya rufe ƙofa. Baba bai hana shi ba.

Mun fi rabin awa muna jiran mutum biyu. Baba yana ta duban agogonsa. Numfashinsa bai daidaita ba sai da muka tashi.

A Bosso muka tarar da cunkoso, ɗalibai da masu babura sun cika titi. Nan ruwa ya sauko. Gilashin wajen Baba ba ya rufuwa duka, na buɗe lemar rabi na tare masa, duk da haka hannun rigarsa ya jiƙe. Direba yana goge gilashin gaba da tsumma yana tuƙi, ya ce, "Baba, ina zuwa haka cikin ruwa?"

"Hajiya zan tarbo. Yau suke sauka."

Ranar na fara jin ya kira ta Hajiya. Na juya kai wajen direba don kada Baba ya ga fuskata.

Maganar ta zaga motar. Aka yi ta cewa Allah ya sa karɓaɓɓiya ce, Allah ya sauke su lafiya. Har wanda ya yi tsakin ya sa baki. Da muka wuce gidaje muka fara ganin kunyoyin doya sun yi kore shar, direba ya ce min a hankali, "Kin san a mahaɗa nake saukewa. Daga nan zuwa ciki sai babur, shi kuwa ban ga alamar zai iya hawa babur ba."

Na ce, "Ba zai iya ba."

Ya ci gaba da tuƙi. Da muka iso mahaɗar, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, zan ɗan leƙa ciki in fito." Bai jira amsa ba ya karya kan mota.

Ba mu yi nisa ba muka ci karo da shinge. Jami'an tsaro sun gindaya ganguna, wani sanye da rigar ruwa ya ɗaga hannu. Ya ce motar haya ba ta wucewa yau saboda alhazai. Direba ya roƙe shi, ya nuna masa Baba. Jami'in ya leƙo ya gaishe da Baba da ladabi, ya ce umarni aka ba su, kuma ko ya wuce ba za a bar shi ya shiga ciki ba, gara ya koma sansani.

Baba ya ce, "Ɗana, motocin da za su kwaso su, ta ina za su fito?"

"Ta babbar ƙofa, Baba. Can gaba."

"Suna tsayawa a ƙofar?"

"Suna ɗan tsayawa a duba su."

"Mai tafiya da ƙafa an hana shi zuwa bakin ƙofar?"

Jami'in ya dubi sandar, ya dube ni. Ya ce, "Ba a hana ba. Amma da ɗan tafiya."

Baba ya ce min, "Buɗe ƙofa."

Saukar ta fi hawan sauƙi. Direba ya zagayo ya tsaya kusa da shi, hannuwansa a buɗe, bai taɓa shi ba. Bafillatanar ta leƙo ta taga ta ce, "A gaishe da Hajiya." Motar ta juya ta tafi. Ban sake ganin ko ɗayansu ba.

Tafiyar da ni kaɗai zan yi a minti goma, mun kusa awa muna yin ta. Ruwan ya koma yayyafi. Baba zai sa sanda gaba, ya taka ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Ina gefen hagunsa riƙe da lema, ɗaya hannun a ƙugunsa. Duk bayan taku kamar ashirin sai ya tsaya ya huta. Ban ce mu koma ba, don babu inda za a koma, kuma gaskiya zuwa lokacin ni ma na fara so mu kai.

Muna tsakiyar hanya muka ji ƙara daga sama. Jirgin ya ɓullo ta ƙarƙashin gajimare, ƙafafunsa a waje, ya sauka bayan itatuwa. Baba ya ɗaga kai yana kallo, sai sandar ta zame a laka. Ya durƙushe a kan gwiwa ɗaya, ya kusa ja na mu faɗi tare. Na yar da lemar na kama shi.

"Baba! Ka ji ciwo?"

"Ban ji ba. Miƙo min kafaɗarki."

Ya dafa ni ya miƙe. Gaban farar rigar ya ɓaci da jar ƙasa daga gwiwa har ƙasa. Na tsiyaya ruwan gora ina gogewa, sai ƙara yaɗuwa take. Ya ce in bari, mu tafi.

A bakin ƙofar akwai wata rumfa da mutane kaɗan a ciki. Wani ma'aikaci ya jawo benci. Na ɗauka Baba zai ƙi, sai ya zauna. Ya ce, "In kin hango su, ki tashe ni tun da wuri. Kin san ina ɗaukar lokaci." Ya sha maganinsa. A zaune ya yi la'asar. Ƙafarsa ta hagu tana ta rawa ita kaɗai, ya ɗora hannu a kai ya danne.

Sai wajen ƙarfe biyar motocin suka taho. Na tashe shi. Ya gyara hula, ya matsa bakin titi, ya ce in sake shi. Na sake shi, amma na tsaya a bayansa dab.

Duk matan kaya iri ɗaya suka sa, ban san yadda zan gane ta ba. Mota ta farko ta tsaya, ta wuce. Ta biyu ma haka. A ta uku na ga wata ta manna fuska a gilashi, ta rame, ta yi duhu. Ni ta fara gani. Sannan idonta ya sauka kan wanda ke tsaye a gabana. Ta dafe baki da hannu. Ta yi ta kokawa da gilashin, ta kusa da ita ta taya ta suka ja shi.

"Malam! Malam, kai ne a tsaye?"

Baba ya ce, "Sannu da hanya, Hajiya."

"Wa ya kawo ka? Me ya sami rigarka?" Ta juyo kaina, hawaye na zubo mata. "Ke kuma, a cikin ruwan nan?"

Sai motar ta ja. Ta fito da hannu tana ɗagawa har suka sha kwana. Duk abin bai kai minti ɗaya ba.

Baba ya ce, "To, kama ni." Na kama shi, nauyinsa duka ya sauko kaina, na mai da shi kan benci.

Na duba wayata na ga kiran yayana sun fi goma. Na kira shi na gaya masa inda muke. Ya kashe wayar. Sai da ya ɗauki Inna a sansani ya biyo ta kanmu, ana kiran magariba. Wannan karon Baba bai yi gardama ba da ya ɗaga shi ya sa a mota. Har muka isa gida yayana bai ce min uffan ba. Inna kuwa faɗa take yi tun daga Maikunkele har Tudun Wada, rabi da ni, rabi da Baba, hannunta riƙe da nasa na hagu.

Baba ya kwana biyu da zazzaɓi, ƙafar ta kumbura. Likitan da ya duba shi ya yi min faɗa sosai, na sunkuyar da kai na karɓa, don ya fi ni gaskiya. A rana ta uku zazzaɓin ya sauka, ya nemi koko, ya kuma gaya wa Inna a gabana cewa tun da ta tafi gishiri ya yi yawa a miyar gidan.

Ranar Asabar na haɗa kayana zan koma Fadikpe. Yayana ya ce in shigo ya sauke ni, maganarsa ta farko gare ni ke nan a mako guda. Mun yi nisa kafin ya ce, "Da gaske da ƙafarsa ya taka daga shingen nan har ƙofa?"

Na ce, "Da gaske."

"Bai faɗi ba?"

"Sau ɗaya."

Muka shiga layinmu. Da zan sauka ya ce, "Nan gaba in ya ce zai je wani wuri, ki kira ni."

Na ce to, na ɗauki jakata.