Yinin Da Muka Kori Shamuwar Baba Ilu

Birnin Kudu

Muna sallame Asuba muka ɗau hanya a tsohuwar Landiroba, mu biyar, duk malaman makaranta, sai direbanmu. Bazara ce, tsuntsayen Turai na haramar komawa gida, na kudu kuma na shigowa. Malam Sabo, malamin kimiyya, shi ya ja mu kallon tsuntsaye, mutumin da zai bar tuwo ya huce don kallon tsattsewa. Ya rungume dogon madubinsa na hangen nesa mai ƙafa uku kamar jariri.

Ana tsakiyar yaƙin basasa. A shingen sojoji na bakin gari wani kofur ya jujjuya madubin, ya tambaya ina harsashinsa. Muka yi dariyar dole.

Gwaram

Da hantsi muka karya da koko da ƙosai a tasha. Mai ƙosan ta ce shamuwa ta sauka a wani ƙauye gaba da Zandam. Malam Sabo bai ko shanye kokonsa ba.

Ƙauyen

A kan tsamiyar bayan wani gida muka hango su, guda biyu, suna haɗa sheƙa. Don ɗoki ko sallama ba mu yi ba. Malam Sabo ya kafa madubi ya saita tsamiyar, direba ya bugo ƙofar mota, sai fir, suka tashi suka yi gabas.

Kafin mu ankara matasa sun zagaye mu da sanduna da fartanyu. A nan zuwan shamuwa shi ne albishirin damina, ba a ko jifanta. Ashe bara wani baƙo ya harbe ɗaya, ruwa ya yi jinkiri, gero ya ƙone. Ga mu kuma da abu mai kama da bindiga.

Mai gidan, wani dattijo Baba Ilu, ya saurari rantse-rantsenmu, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma.

"Ba mai taɓa ku," in ji shi. "Amma ba mai tafiya sai shamuwa ta dawo."

Na ce, "Baba, in ba ta dawo ba fa?"

Matasan kawai ya duba. Wallahi na tsorata, har na tuna ban tashi 'yata mun yi sallama ba. Muka bi shi sallar Azahar, aka kawo fura, na kurɓa sau ɗaya na ajiye. La'asar ta yi, tsamiya wayam, sanduna kuma ba wanda ya ajiye.

Rana ta yi sanyi, Malam Sabo da idonsa bai bar madubin ba ya kira Baba Ilu. Tsohon ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya daɗe.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Da kara a bakinta."

Sai da ta zagaya gidan sannan ta sauka. Masu sandunan nan suka yi layi, kowa na son ya leƙa. Da za mu tafi Baba Ilu ya riƙe hannun Malam Sabo ya ce baɗi mu dawo, amma mu fara sallama, tunda ita ma ba ta sauka kai tsaye.

Gida

Ana kiran Isha muka shigo Birnin Kudu, na tarar 'yata a zaure tana jirana. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Ilu. Har yau in na ga shamuwa a kan itace, sai in ji na rage murya.