Gandar Bankwana

Duk Agege babu wanda ya kai ni sanin zuciyar aboki. Ni ne mutumin da idan aminina ya yi tari a gidansa, sai in ji maƙogwarona yana ƙaiƙayi a nawa gidan. Shi ya sa da ƙanena ya kira ni in koma Dubai in riƙe masa shago, tausayin jama'a ne ya fara kama ni. Na ce wa matata ta ɗage kayanta sama, domin hawayen da za a zubar a unguwar nan sai ya fi ambaliyar damina.

Na fara zagayen sallama da Alaba Rago, wajen wani abokina mai sayar da raguna. Ya rungume ni, ya yi addu'a, ya ce in aiko masa da turare. Na Ikeja kuwa waya yake so. Na dawo cikin motar haya ta danfo ina lallashin kaina: ai waɗannan abokai ne kawai. Amini ɗaya gare ni, shi zai yi kukan kowa.

Tela ne, shagonsa na bakin layin dogo, kuma magana tsada take masa. Tun muna samari muke cin abincin rana tare wajen wata Bayarabiya mai amala, Iya muke ce mata. Kwano ɗaya, a ɗora nama da ganda. In ɗauki nama, ya ja ganda, ba mu taɓa yin shawara a kai ba. Na sha kafa hujja da wannan a majalisa, ina cewa aminin rai shi ne wanda ya san abin da kake so tun kafin ka buɗe baki.

Na same shi a kan keke, na ce, "Mutumina, jibi fa zan tashi."

Bai ɗago ba. "Na ji. Har jirgin ƙasa ya ji."

Abin ya sosa min rai. Kalma ɗaya nake nema, ya ce zai yi kewata. Da muka isa wajen Iya sai na zagaya na raɗa mata cewa yau ta cika kwanon da ganda zalla, kyautar bankwana ce. Na san idan ya gani sai idonsa ya kawo ruwa.

Iya ta saki ludayi. "Haba Alhaji! Faɗa kuka yi ne?"

"Abin da ransa ke so ne, Iya. Ni na san mutumina."

Ta yi dariya har tana dafa tukunya. Ta ce lokacin da na je Kano biki, ya zo shi kaɗai, nama ya ce a sa masa, ko kallon ganda bai yi ba. Amma da aka ajiye kwanon sai ya zauna yana duban gefen bencin da nake zama, a ƙarshe ya ce ta ƙulle masa a leda ya kai wa yara.

Na koma na zauna. Ashe duk shekarun nan akwai mai karanta zuciya a kan bencin nan, amma ba ni ba ne. Shi bai tsaya ga sanin abin da nake so kawai ba, bar min ya yi, kuma bai taɓa bari na lura ba. Na tafi neman hawaye, na samu abin da ya fi shi, sai na ji zuciyata ta kwanta.

Aka kawo kwanon, ganda tuli kamar an yanka takalman unguwa. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi bismilla. Ya yi ta fama har ya ga bayanta.

Na ce, "Don Allah ka faɗi gaskiya, ya za ka yi idan na tafi?"

Ya wanke hannu a natse, ya yarfe ruwan.

"Allah Ya kai ka lafiya, sarkin surutu. Ko ba komai, zan ɗanɗana nama kafin haƙorana su ƙare."