Minti Biyun da Na Tura Guruf

Ranar Larabar nan ba na jin zan taɓa mantawa da ita, kuma ke Ummi da za ki zauna a kujerata, gara ki ji daga bakina.

Lokacin watana huɗu a kamfanin fim ɗin nan na unguwar Brickfields. Ana haɗa fim kan yadda teku ke cinye ƙauyukan masunta, an ɗauko wani ɓangare a gaɓar Legas, inda akwai Hausawa masu bandar kifi. Aikina in saurari hirarsu, in rubuta kowace magana da mintinta, in juya ta Turanci, in miƙa wa editarmu, Kak Ros. Doka ɗaya ta kafa min tun ranar farko: abin da ba a tace ba, ba ya fita daga ofis.

A hirar wata dattijuwa, Inna Talatu, bayan an gama tambayoyi sai ta ce wa tafinta, "Ɗana, a kashe abin nan in faɗa maka gaskiya." Mai kyamara ba ya jin Hausa, bai kashe ba. Ta ce ba laifin teku ne kaɗai ba, masu haƙar yashi ne suka kwashe musu gaɓa. Har sunan mai jiragen haƙar ta kama.

Akwai kalmomin masunta a maganarta da suka gagare ni. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai da aure ya kawo ni ƙasar wajen nan, kuma iyakata sakandare, kullum ina tsoron a ce ban iya ba. Sai na kara wayata a jikin sifika, na naɗi minti biyu, na tura guruf ɗinmu na matan Hausawan unguwarmu, Wangsa Maju, na ce a taimaka min. Maman Hanif ta rubuto, "Bakanuwa an faɗa ruwa!" Aka yi dariya, aka fassara min, na manta.

Ranar Laraba na sauka cin abincin rana a mamak, gidan abincin nan na ƙasan ofis. Wani mutum cikin farar shadda ya ja kujera ya zauna gabana. Ban taɓa ganinsa ba.

"Matar Malam Sani ko? Sannu da aiki. Tsohuwar nan taku akwai baki. Wane ƙauye take ma?"

Na ce ban sani ba.

"Haba ƙanwata, ai yana cikin takardunku. Duba min kawai, gaisuwa za a kai mata." Ya miƙe yana murmushi. "A gaida mutanen hawa na tara."

A hawa na tara gidanmu yake. Nan na gane minti biyun nan sun fita daga guruf, na ture abincin na tashi.

Na hau sama na gaya wa Kak Ros komai, ina kuka. Ba ta yi min faɗa ba, ta kulle ƙofa, ta ce, "Mutum nawa ne a guruf ɗin?" Na fara ƙirgawa na kasa. Nan take ta kira wakilinmu na Legas, a can gari bai gama wayewa ba. Kafin azahar ɗinsu an ɗauke Inna Talatu zuwa gidan 'yarta a wani gari. Ta bar murhun bandarta da kifin da ta kwana da shi.

An cire maganar daga fim, amma wa zai cire ta daga wayoyin mutane? Har yau ban san wadda ta tura ta gaba ba. Duk ranar Juma'a muna haɗuwa da matan nan, ana zuba min shinkafa ana tsokanata, ni kuwa ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ko a jirgin ƙasa na ga farar shadda sai in sauka a tashar da ba tawa ba.

Abin da na koya, Ummi, mutanen da ke cikin fim ɗin nan ba hoto ba ne, suna da gida kuma ana sanin hanyarsa. Idan kalma ta gagare ki, rubuta "ban gane ba" a gefen mintin, ki wuce. Ni girman kai ya hana ni rubutawa, Inna Talatu kuwa yau sati uku ba ta kwana a ɗakinta ba.