Sunan Bashar da Aka Goge

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Bashar. Ana cewa shekara bakwai ta isa zuciya ta huce. Tawa ba ta huce ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba.

Bashar likitan fiɗa ne a wani ƙaramin asibiti a yankinmu. Ni na goye shi, don haka na san abin da ke hana shi cin tuwo. Manoman da yake yi wa aikin gwaiwa ne. Zai ɗinke mutum lafiya lau a sallame shi, kafin wani lokaci a dawo da shi ranga-ranga, ɗinki ya ɓalle. Manyansa suka ce haka jikin ƙauyawa yake. Shi bai yarda ba. Da ya ji ana koya wa likitocin ƙasashe irin tamu dabarun bincike ta intanet, sai ya shiga. A gidanmu na Aliero ba a samun sabis sai a bayan rumbun albasar Baba. Can yake kifa turmi ya jingina waya, yana sauraron malamai daga wata uwa duniya, awaki na taunar gefen rigarsa. Ɗalibin turmi nake kiransa.

A ajin nan ya koyi cewa aiki ba ya ƙarewa a ƙofar asibiti, sai an bi mara lafiya har gida. Ya hau babur, yau Karaye, gobe Gumbin Kure, jibi Jandutsi. Sai ya gano cewa yawancin masu dawowa, dab da cirar albasa aka yi musu aikin. Wane manomi ne zai kwanta yana kallon albasarsa na ruɓewa? Da ɗanyen ɗinki suke tashi su ɗauki buhu. Ranar da ya tabbatar ya shigo yana murna, ya ce, "Yaya, ashe ba wuƙata ka cutar su ba, buhu na." Daga nan duk aikin da ba na gaggawa ba, sai ya ɗage shi zuwa bayan an gama kwashe kaya.

To, al'adar wurin aikinsu ita ce ƙaramin likita ba ya fitar da rubutu sai ya bi ta teburin shugabansa. Shugaban nan, da ba sai na faɗi sunansa ba tunda ya san kansa, shi ke kiran Bashar likitan waya a gaban ma'aikata. Bashar ya miƙa masa binciken da hannu biyu. Ba a jima ba wata babbar mota ta banke Bashar a hanyar Maiyama, yana dawowa daga duba wani tsoho da ya yi wa aiki.

Mutuwa ta Allah ce, na karɓa. Sata kuwa ta mutum ce. Shekara na zagayowa wata likita da suka yi ajin tare ta kira ni, ta ce binciken ya fito a mujallar likitoci. Sunan shugaban ne a kai, babu na Bashar ko a gindin shafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau matasan likitocin asibitin nan suna shiga irin wannan aji a fili, a ofis, ƙarƙashin fanka. Mutumin da ya yi wa karatun dariya shi ke tashi a taro yana cewa shi ya share hanya. Nakan tambayi kaina me Bashar zai ce. Na san amsar: zai yi murmushi ya ce in dai manoma sun warke, shi ke nan. Wannan halinsa ne, ba nawa ba.

Kafin tafiyar alhazan bana sai ga shugaban a zaurena na Jega, yana zagayen neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Ya ce, "Malama, Makka za ni. In akwai abin da yah haɗa mu, mu yahe ma juna."

Na ce, "Likita, ni ba ka ɗaukam min komi ba. Mai kayan shina ƙasa. Tahi gaban ɗiyan da kaka koya ma bincike, ka hwaɗi wa yay yi aikin ga, sannan ka komo."

Ya gyara hula, ya ce zai duba. Ya je ya dawo, har da haƙorin Makka, har yau yana dubawa.

Abin da ya rage na Bashar ba ya cikin mujalla. A Karaye in mai gwaiwa ya ce zai je asibiti ana gab da cirar albasa, alhali bai matsu ba, tsofaffi kan ce masa ya dakata, Bashar ya hana. Wannan ba mai goge shi. Allah Ya jiƙanka, ɗalibin turmi. Kai kuma Alhaji, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ya bi ka Makka, ya biyo ka gida, kuma ban yafe ba.